Gidan Da Kawu Ya Gani A Waya

Daga Danau Kota zuwa Mersing

Ko kiran assalatu ba a yi ba na fito daga gidanmu da ke unguwar Danau Kota a Kuala Lumpur, da 'yar jaka a kafaɗa da ciwon kai na rashin barci. Matata, Maman Khalil, ta rako ni har bakin lif, ta miƙo mini ledar burodi da dafaffen ƙwai.

"Kai da ko kududdufi ba ka taɓa shiga ba, yau kai ne da hawa teku," in ji ta.

Na ce aiken Kawu ne. Ta ƙyale ni, don ta san shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, har na samu tallafin karatun da ya kawo mu Malesiya.

Kawu Alhaji Bala ɗan kasuwar yadi ne a Kano. Ya ga tallar wani gidan katako a waya, a bakin teku, cikin itatuwan kwakwa, a wani ƙaramin tsibiri na gabashin ƙasar nan. Nan take ya ƙudurta zai saya ya mayar da shi masaukin baƙi, amare da angwayen Najeriya su riƙa zuwa hutu. Na gaya masa ba kowane fili ake sayar wa baƙo a nan ba. Ya ce ganda ce kawai ke damuna, in je in gano da idona.

Mai tallar wani saurayi ne, Faiz, da ke aiki a otal a unguwar Bukit Bintang, nan Kuala Lumpur. Da na same shi ya ce gidan gadonsu ne. "Idan ka isa garin Mersing ka nemi Pak Mat mai jirgi a bakin ruwa, shi zai ƙetarar da kai."

Na yi sallah a masallacin tasha, bas ta tashi gari na wayewa. Sanyin cikinta kamar firji. Hagu da dama gonakin kwakwar manja ne, ba su da ƙarshe, har ido ya gaji da kore. Bayan garin Kluang muka tarar da shingen 'yan sanda. Ɗaya ya shigo, ya karɓi fasfona, ya juya shafi, ya dube ni.

"Ɗalibi?"

Na ce e.

"Boleh," ya ce, wato ba matsala, ya miƙo mini. Muka isa Mersing bayan azahar.

Mersing

Pak Mat dattijo ne siriri, rana ta ƙona shi, yana jin Turanci daidai gwargwado. Bai ma dube ni sosai ba, teku yake kallo.

"Yau babu. Gobe, in Allah ya so."

Haka na kama ɗaki a saman wani kanti, fanka na kuka, warin kifi na shigowa ta taga. Na ci roti, irin gurasarsu, da miyar wake a shagon ƙasa. Kawu ya kira sau uku, tambayar ɗaya ce: "Ka isa? Ka ɗauko mini bidiyo, kada ka bar lungu ko ɗaya."

Kan ruwa

Washegari da hantsi muka tashi. Ni kaɗai ne fasinja, sauran duk kaya ne: buhunan shinkafa, tukwanen gas, siminti, katan-katan na taliya. Da muka fita daga bakin kogi jirgin ya fara ɗagawa yana faɗuwa. Abin da na ci tun jiya duk ya dawo. Pak Mat ya miƙo mini alewar citta, ya ce in kafa ido a nesa, kada in dubi ruwa. Kusan awa biyu muka yi a haka, ina ta salati.

Tsibirin

Ba zan faɗi sunansa ba. Kyau kam akwai shi, ruwan garau har kana hango yashin ƙasa. Amma ƙauyen shiru. Babu mota ko ɗaya, sai siririyar hanyar siminti da ta bi bakin ruwa. Gidajen a kan dirkoki suke, da yawa an garƙame su, ciyawa ta hau matakala. Akwai ɗan masallaci, da makarantar da ɗalibanta ba su cika benci uku ba. Wuta ta janareto ce, waya kuma ba ta kamawa sai ka hau kan dutse.

"Ina mutanen?" na tambayi Pak Mat.

"Kuala Lumpur. Johor. Singapo. Mu tsofaffi ne muka rage." Ya ce idan iskar damina ta sauka a ƙarshen shekara, baƙi na ɗauke ƙafa wata da watanni, shi kansa yakan yi mako bai ƙetara ba.

Gidan yana nan kamar yadda yake a hoto. Abin da hoton bai nuna ba shi ne tsohuwar da ke zaune a matakala tana tsince ƙananan busassun kifi a faifai. Mak Som, mahaifiyar Faiz. Da Pak Mat ya ce ɗanta ne ya turo ni, sai ta miƙe da sauri, ta shimfiɗa tabarma, ta kawo shinkafa da gasasshen kifi da yaji. Ina ci tana tambaya, Pak Mat na fassara. Yana cin abinci kuwa? Ya yi ƙiba? Bai ce yaushe zai zo ba?

Da na gama na ciro waya na fara ɗaukar gidan. Ta tambayi dalili. Pak Mat ya sunkuyar da kai, ya ƙi fassarawa. A nan na gane ba ta san an sa gidan a kasuwa ba. Ta sake tambaya, ta miƙo hannu. Ban san yadda zan yi ƙarya ga wadda na gama cin abincinta ba, sai na buɗe tallar na ba ta.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta sa yatsa a gefen hoton.

"Ta ce wannan zanenta ne a kan igiya," in ji Pak Mat a hankali. "Ran ƙaramar Sallah ya ɗauki hoton. Ta zaci don kewar gida ne."

Ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ja ni bayan gida, ta dafa wata doguwar kwakwa, ta ce a gindinta aka binne cibiyar Faiz. Ta ce in gaya wa wanda ya aiko ni gidan da mutum a ciki.

Iska ta taso da la'asar, dole na kwana a gidan Pak Mat. Muna shan shayi ya ce kada in ɗauki yaron mugu. Bara cikin damina ciwo ya kama ta, teku ta hana fita, da ƙyar aka kai ta asibiti da ranta. Tun daga nan Faiz ke roƙonta ta koma birni wurinsa, ta ƙi. Yana ganin sai babu gidan za ta taso.

Da safe na tarar da ita a bakin jirgi da ƙunshi biyu na busasshen kifi, ɗaya na matata, ɗaya na ɗanta. Ta ba ni saƙo ta bakin Pak Mat. "Ka ce masa ban yi fushi ba. Ya zo ya faɗa mini da bakinsa."

Komowa

A Mersing na kira Kawu na kwashe komai na gaya masa. Sai ya tambaye ni:

"Tsohuwa ce sosai?"

"Za ta yi sa'ar kakata Inna, Kawu."

"Subhanallahi. Bar shi, ɗana. Ka goge bidiyon."

Bas ta sauke ni Kuala Lumpur gab da magariba, na wuce Bukit Bintang jikina duk ciwo. Faiz ya fito ta ƙofar baya ta otal da kayan aiki a jikinsa. Yana ganin ƙunshin ya tsaya.

"Ta gani?"

"Ta gani." Na isar da saƙonta kamar yadda ta faɗa.

Ya zauna a kan wani dakali, ƙunshin a cinyarsa, motoci na wucewa. Can ya ɗago ya ce, "Ɗan'uwa, to idan iska ta zo bana, wa zai fito da ita?"

Na dafa kafaɗarsa, na nufi tashar jirgin ƙasa.

Na shiga gida yara suka yi mini ca, Maman Khalil ta karɓi jaka ta ce in yi wanka tukuna, warin teku nake. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Pak Mat da ya kwanar da ni bai san ni ba, da Mak Som da ta yi mini guzuri bayan abin da na kai mata. Yau da nake rubutun nan an fara ruwa da iska a gabas. Wanda ya karanta, ya sa ta a addu'a.