Haruffa ukun Kawu

Damina ce mai nawa. Sai da muka yi shuka sau biyu kafin ruwa ya zauna, duk wanda ka gaisar a Birnin Kudu yana amsawa yana kallon sama. A shekarar ne 'yata ta biyu ta samu aikin gwaji a wani ɗan kamfani mai kula da kwamfutocin ofisoshi. Sharaɗi ɗaya aka gindaya mata. In aikinta ya karɓu a Gwaram, a riƙe ta. In bai karɓu ba, ta dawo ta taya ni tankaɗe.

Yadda ta fahimtar da ni, akwai wata tsohuwar manhaja da ke tattara takardun cikin kwamfuta ta ɗaure su dami guda don ajiya. Ita za ta rubuta sabuwa mai wannan aikin. Na ce, "Tsohuwar ta daina ɗaurewa ne?" Ta ce a'a, cikinta ne a hargitse. To, ni yaƙi da jahilci na yi, karatuna bai kai ga leƙa cikin na'ura ba.

Ranar duba aikin manyanta uku suka zo daga Kano. Rufin ofis na yoyo, sai aka zauna a zaurenmu, ina kai musu fura ina jin abin da ake cewa. Sun cika takarda da zanen akwatuna da kibiyoyi. Babbansu ya ce tsarin ya yi kyau, kowane ɗaki da ƙofarsa. Daga azahar har la'asar suna gardama kan ko wata kibiya ta kalli gabas ko yamma. Kwamfutar kuwa tana gefe a rufe, an ɗora mata ludayi. Ilimi ke nan, ba sai ka taɓa abu ba kafin ka san lafiyarsa ƙalau.

Ranar Alhamis na raka ta Gwaram, don magatakardan ƙungiyar manoman da za a sa wa manhajar yayana ne, kuma shi zai sa hannu a takardar karɓa. A bangon ofishinsa akwai wata takarda da ta yi ja don tsufa. An rubuta sunan manhajar, sai haruffa uku a manne, c da v da f. Shekara da shekaru abin da yake bugawa ke nan duk ƙarshen mako, da yatsa ɗaya.

Ta sa sabuwar. Ya dubi bango, ya buga. Allon ya zubo masa Turanci layi huɗu.

Ya ce, "Ke, abin naki zagina yake yi?"

"Kawu, rarraba su za ka yi, ka sa wa kowanne karan ɗori a gaba. Haka ya fi tsari."

"Tsari a wurin wa? Tun kina wasan 'yar tsana nake buga su a haka, ba su taɓa neman kara ba. Mayar min da tsohuwata."

"Kawu, kara uku ne fa kacal!"

"To ki ba su wanda ya roƙa." Ya tura takardar karɓa cikin aljihun tebur, ya ce tana da zuwa Asabar, sannan ya tambaye ni lafiyar mutanen gida.

A mota tana ta huci. Wai tsoho ya ƙi zamani, wai manya uku sun yaba. Na bar ta ta gama, don ba a zuba wa tukunya gari tana tsakiyar bori. Da muka kusa gari na ce, "Kin tuna lokacin da kika gyara min madafi, kika zuba gishiri a gwangwanin sukari? Ya fi tsari ƙwarai. Kwana nawa babanki ya yi yana tofar da koko?"

Ba ta yi dariya ba.

Na ce, "Hannu ba ya karatu, zuwa kawai yake yi inda ya saba. Kuma kawunki ba shi kaɗai ke da irin wannan takarda a bango ba. Cikin manyan naki akwai wanda ya tambayi wa zai buga?"

Ta juya tana kallon gonakin gero.

Washegari bayan sallar asuba na ɗauko kwamfutar da kaina, na dire a tabarma, na tashi 'yar tawa daga barci. Na ce yau ba a ɗora tukunya a gidan nan sai wannan abu ya koyi ladabi. Na miƙa yatsa ɗaya na buga haruffan a manne. Ya ƙi. Ta ja shi gabanta tana ƙunƙuni, ta daɗe tana rubutu, ta turo min. Ya sake ƙi. Karo na uku ya karɓa, amma ya ɗaure dami ba komai a ciki, kamar mai yi mana ba'a. Sai da hantsi ya dubi ludayi ya ɗaure mai kaya. Na buga da kara, ya karɓa. Na buga babu kara, ya karɓa.

Na ce ta ɗauko mayafi kafin motar Gwaram ta cika, ni kuma na je na hura wuta.