Lambar da Na Karanta wa Tukunya

Ɗana na fari yana tuƙa jirgin sama, amma ba irin matuƙan kamfani masu hula da kwat ba ne. Gyaran lif, na'urar hawa dogayen benaye, yake yi a ranakun aiki. Ran Asabar kuwa sai ya tafi wani ɗan fili mai ciyawa a bayan gari, inda shi da abokansa uku suka mallaki ƙaramin jirgi mai kujera huɗu. Sau ɗaya na ga hoton jirgin a wayar matarsa. Da kaɗan ya fi a-daidaita-sahu, amma na yi gum da bakina.

Ɗan fari ne, shi ya sa. A gidanmu na Kano uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna damuwa da shi a gaban mutane. Haka na taso na tarar, haka na ɗauko abina na kawo Dagenham, nan ƙasar Turawa, shekara talatin da ɗoriya ban ajiye ba. Ƙannensa da aka haifa a nan har tsokanata suke yi, wai ni kaɗai ce uwar da ke kiran ɗanta "wancan". In ina son ya ji magana, matarsa nake gaya wa, ko da yana zaune a gabana. Raina kuwa duk Asabar a tsaye yake har sai na ji ya sauka.

Wata Lahadi suka zo cin tuwo, ya buɗe kwamfutarsa a teburin kicin ina tuƙi. Ya fara yi wa matarsa bayani da murya mai ƙarfin da ya wuce buƙatar mutum biyu. A wutsiyar jirginsu, in ji shi, akwai wani ɗan akwati ruwan goro wanda aikinsa ɗaya ne: in jirgi ya faɗi, ya yi kururuwa ta iska don masu ceto su san inda za su nema. Nasu ya tsufa, tauraron ɗan adam ma ya daina sauraron irinsa, dole a canja. Iri biyu ne a gabansu. Akwai wanda ake ɗaurewa a jikin jirgi, da ya ji buguwa sai ya kunna kansa ya aika da inda yake. Akwai kuma na hannu, kamar waya, mutum ya sa a aljihu, in abu ya faru ya zaro eriya ya danna.

"Su ukun duk na hannu suke so," in ji shi. "Ba sai an jira injiniya ya zo ya ɗaura ba, jirgi ba zai kwana biyu a ƙasa ba. Kuma in an faɗa ruwa, yana jikinka."

Na ci gaba da tuƙa tuwona kamar ban ji ba. Sai da na kwashe malmala biyu na kasa haƙuri. Na ce da surukata, "Tambayi mai gidanki, in mutum ya suma, wa zai danna masa?"

Ta juya ta maimaita masa kalma da kalma, tana danne dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya daɗe yana kallon kwamfutar, sannan ya ce zai koma wa abokansa da maganar. Na ji daga baya an sha gardama, ɗaya daga cikinsu har ya yi fushi ya ce tsoron tsofaffi ne. Ƙarshe dai suka sa mai kunna kansa, shi kuma ya ƙara da na hannu don ranar tsallaka teku.

Saura rajista. Ashe na'urar ba ta da amfani sosai sai an rubuta sunan mai ita da lambobin mutum biyu da za a kira in ta yi kuka. A teburin nan dai ya zauna yana cikewa. Ya sa lambar matarsa. Da ya zo ta biyu sai na ji ya ce zai sa ta goggonsa ta Woolwich, ƙanwar mahaifinsa, wadda ta goya shi yana ƙarami. Daidai ya yi bisa al'ada, amma abin ya soke ni. Matar nan wayarta kullum tana ƙasan jaka, a kashe, ƙarƙashin goro da carbi.

Ban juyo ba. Na fuskanci tukunyar miya na karanto lambata, ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Na ji yatsunsa suna bin muryata a kan kwamfuta. 

Bazara biyu suka wuce. Wata Asabar bayan azahar ina ninke kaya a falo, autata na kwance tana latsa waya, sai baƙuwar lamba ta kira ni. Wata Baturiya ce, muryarta a natse. Ta ce daga ofishin ceto take, na'urar wani jirgi ta kunna a yankin Kent, sun kira lamba ta farko ba a ɗauka ba. Surukata nas ce a asibitin Whitechapel, in tana aiki wayarta na kulle a loka. Matar ta ce sau da yawa ƙararrawar ƙarya ce, don haka tana son in tabbatar mata da cikakken sunan mai jirgin, kuma ko ya tashi yau.

Harshena ya yi nauyi. Na daƙiƙa ɗaya ne ko biyu, amma har yau ina jin kunyar wannan jinkirin. Sannan na faɗi sunan. Ta ce in sake, na sake, har na jero mata haruffansa. Sauran kuwa ya zubo da kansa: shi kaɗai ne a ciki, ƙarfe goma sha ɗaya ya tashi, ga inda ya nufa, riga shuɗiya ce a jikinsa. Autata ta tashi zaune tana kallona, don ba ta taɓa sanin ina riƙe da waɗannan abubuwa ba.

Injin ne ya mutu masa a sama. Ya sauko da jirgin a wata gona, ƙafar gaba ta nutse a laka, jirgin ya kifa, kansa ya bugu. A sume masu ceto suka same shi, a bayan wasu bishiyoyi inda ba a hangowa daga titi. Na hannun da ya ƙara saya yana cikin jaka a kujerar baya, ba wanda ya taɓa shi.

Na gode wa Allah har na rasa kalmomi. Ina gode wa Baturiyar nan da ban san fuskarta ba, wadda ta sake kirana da kanta ta ce an same shi yana numfashi. Ina gode wa injiniyan da ya ɗaure akwatin da kyau, har da abokin nan mai fushi, tunda dai ya sauko ya yarda.

Washegari na je asibiti da farfesu a kula. Kansa a naɗe, ido ɗaya a kumbure. Matarsa ta fita neman shayi, muka rage mu biyu, ni ina ta gyara murfin kular da ba abin da ya same shi.

"Umma," ya ce, "auta ta ce har sau biyu kika faɗa."

"Layin ne ba kyau," na ce.

Ya yi murmushi da gefen bakin da bai fashe ba. Can ya ce, "Ni ban taɓa ji ba."

Na ajiye kular. Na tashi na ja labulen da ke kewaye da gadon, na dawo na sunkuya daidai kunnensa, na kira shi da sunansa.