Gurjiyar Mama da Mudun da Na Buga

Edita, ina yi maka sallama. Na ga ana ta musu a shafinku kan ko ragin farashi yana sauya halin mai saye. Ni na san amsar, sai dai da tsada na same ta, shi ya sa zan ɓoye sunana. A lokacin ina saurayi mai ji da kansa, ga wando mai faɗin ƙafa ga rediyo a kafaɗa, ina taya mahaifina zama a rumfarsa ta hatsi a Abakpa, cikin Inugu. Ba mu daɗe da dawowa ba bayan yaƙin basasa. Gurjiya ce babbar hajarmu, domin da garinta matan garin suke yin okpa, wani abinci mai kama da alala da ake ƙunshewa a ganye.

Cikin matan akwai wadda muke kira Mama, 'yar ƙabilar Ibo, mijinta ya rasu a yaƙi. Ita ta ɓoye Baba a ɗakin girkinta ranar da rikici ya ɓarke, har ya samu motar Arewa, kuma ita ta riƙe masa rumfar sai da ya dawo. Baba ba ya wasa da amanar da ke tsakaninsu. Idan zai auna mata, sai mudu ya yi tozo, sannan ya cika hannu biyu ya ƙara mata gyara. Haka yake yi wa duk tsofaffin masu sayensa, ni kuwa ina ganin asara ce kawai irin ta mutanen da.

Shekarar da kuɗin mai ya cika gari, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, na je Fatakwal biki. Can na ga manyan kantuna sun shafa jan fenti a gilashi wai an yi ragi, mutane suna layi suna kwasar abin da ba su fito saye ba. Na dawo kaina yana hayaƙi. Ana haka Baba ya tafi aikin Hajji ya bar min rumfa. Ko jirginsu bai sauka ba na sa aka rubuta allo, na tsaya ina shela da Hausa da Turancin kasuwa cewa gurjiya ta faɗi. Amma ragin daga ina zai fito? Na soke gyara, wannan kowa ya gani. Abin da ba a gani ba shi ne na kai mudun bayan rumfa na ɗora shi a kan turmi na buga gindinsa ya ɗan shige ciki.

Kada wani ya ce maka ragi ba ya jan mutane. Ya ja su kamar ƙuda. Matan ma'aikata da ban taɓa gani ba suka cika min gaba, wasu ma ba su san yadda ake sarrafa gurjiya ba. Sai dai da wani a layin baya ya ɗaga nasa allon, duk suka koma can. Tsofaffin masu okpa kuwa, ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, suka zame ɗaya bayan ɗaya. Mama ce kaɗai ta ci gaba da zuwa.

Wata safiya ina auna mata, ta zauna a benci ta kira ni ɗanta, ta ce min tana cikin damuwa. Garin gurjiyarta ba ya kai inda ya saba kaiwa, kuma ta gane mai injin niƙa ne yake ɗiba, shi ko ƙanin marigayi mijinta ne. Ta ce ta yi masa tas a gaban jama'a, sauran mata ma sun daina kai masa niƙa. Edita, mudun yana hannuna. Da na buɗe baki a lokacin da an wuce wurin. Maimakon haka na girgiza kai na ce mata ai masu inji sai addu'a. Har yau idan na tuna wannan maganar sai abinci ya fita raina.

Da Baba ya dawo aka gama zuwa yi masa barka, ya fito kasuwa. Ya ɗauki mudun ya shafa gindinsa, ya dube ni, ya tambaye ni ko da wannan na auna wa Mama. Bai zage ni ba, na so a ce ya yi. Ya ɗora min buhun gurjiya a ka, ya sa ni gaba tun daga kasuwa har ƙofar gidanta, ya ce in faɗa da bakina. Ta saurara har na gama. Ta ce ta zargi kowa, har idonta ta zarga da tsufa, gidan Malam, kamar yadda take kiran Baba, shi ne kaɗai bai zo mata a rai ba. Muka nemi mai injin a ba shi haƙuri, aka ce ya kwance injinsa ya koma Anacha, kuma ya rantse ba shi ba matar wansa.

Mama ba ta daina saye a rumfarmu ba, amma ba ta sake yarda na auna mata ba. In ta tarar Baba ya tafi masallaci, sai ta zauna ta jira shi, ni ina tsaye kusa da buhu kamar baƙo.

Abin da na koya shi ne ragi yana kawo mai wucewa, ba ya riƙe kowa, kuma duk ragin da ka ga ana shela, wani ne yake biyansa. Masu saye ku duba mudu kafin ku duba allo. 'Yan uwana 'yan kasuwa kuma ku ji tsoron Allah, domin mai wayo zai gane ku ya gudu, wanda ya yarda da ku shi za ku cuta. Ranar da Baba ya rasu Mama ta zo ta yi kuka kamar ta rasa ɗan'uwa, ta yi wa kowa gaisuwa har da ni. Tun daga ranar ba ta ƙara taka rumfarmu ba.