Kawu Ya Gyara Mini Sifana

Jama'a, ku zo ku ji ta'asar da aka yi mini yau!

Kun san sifanar awon nan tawa, mai yin ƙas idan noti ya ɗauru daidai? Sai da na gwada kala-kala kafin na samu mai gaskiya da aljihuna zai ɗauka.

Jiya Kawu Sani ya are ta, wai zai canza tayar motar shanunsa kafin kasuwar Maradun.

Yau da safe, bayan ya maido ta, ina ɗaure notocin kan injin motar wani Alhaji daga Bakura. Ina ja, ina jiran ƙas. Shiru. Na ƙara ja. Ɓas! Noti ya karye cikin inji!

Alhaji ya ce, "Malam, gyara na kawo ko yanka?"

Na juya sifana. Walda a wuyanta, wallahi!

Na kira Kawu. Na ce, "Kawu, mi ya samu sifanata?"

Ya ce, "Ai cutarka anka yi, ɗana. Da an ja ta sai ta yi ƙas, wuyanta na motsi. Shi ne nik kai anka liƙe maka ita. Ba sai ka yi godiya ba."