Lissafin Bayan Zana

"Kaka, me ya sa kike rufe ido idan za ki yi lissafi?" Jikata ce ta tambaye ni ɗazu, na yi ta dariya.

Zamanin Turawa aka sa mu elemantare a ƙasar Safana, mu huɗu mata cikin maza. Dattawan da ke zikiri tare da Baba suka ce ba su yarda ba, sai an kafa zana a tsakiyar aji. Aka kafa. Maza na kallon allo, mu muna kallon zana. Da kunne kaɗai muka yi karatu.

Ranar da Bature mai duba makarantu ya zo, ya ce, "Sha biyu sau bakwai?" Maza suka hau ƙirga da yatsu. Na rufe ido na ce, "Tamanin da huɗu, ranka ya daɗe!" Ya yi ta waige-waige yana neman mai maganar.

Labari ya kai zauren zikiri. Baba ya ce a cire zanar nan. Wani dattijo ya ce, "Malam, ai Shaiɗan zai shiga tsakaninsu."

Baba ya ce, "Shekara nawa muna zikiri ba mace ko ɗaya a cikinmu, gulma ta bar mu? In zana ce ke gyara hali, a kawo ta nan mu fara da kanmu."

Washegari zanar ta koma garken awakinmu. Ni kuwa shekara talatin na yi ina koyarwa, a gaban allo.

Ku a gidanku, wa ya cire muku taku zanar?