Guntun Goron Kawu

Kawuna tsohon soja ne, yanzu yana noma a Korgom. Da likitocin soja suka auna nakasarsa don biyan haƙƙinsa, suka ce ƙafa ta ci rabin lafiyarsa, kunne ma rabi.

Na ce, "Kawu, ashe kun ƙare ke nan!"

Ya yi dariya, ya fasa goro, ya miƙo mini rabi. "Ƙafa ke nan." Ya gutsure rabin abin da ya rage. "Kunne ke nan. Ba tarawa suke ba, cikin saura suke cirewa."

Na ji haushi, ina ganin an ƙware shi. Shi kuwa ya juya guntun a tafinsa.

"Da wannan nake cika rumbu kowace kaka. Ke mai cikakken goro, ina naki rumbun?"