Farin Wuri a Jikin Taswira

Kamar kullum, mai sharar makaranta tana goge taswirar duniya a bangon aji. Malamin ajin ya taɓa gaya mata ɗigo-ɗigon da ke jikin taswirar mutane ne. Garinsu ya yi baƙi ƙirin, kamar ɗakinsu da mutum tara ke kwana, ƙafar wani a haƙarƙarin wani. Yatsanta kan zame zuwa inda ya yi fari fat.

Yau yayanta zai koma gonarsa mai nisa, ya ce ta biyo shi. Tun safe ta kasa sukuni.

"Inna, can da wa za ki yi faɗa?" in ji malamin, da ta gaya masa za ta bi yayan nata.

"Da iska, ɗan nan. Ita ba ta bin layin banɗaki."

Ta jingine tsintsiyar, ta fice.